Manhaja Mai Gadi: Yadda Take Tayar da Sabis Idan Ya Tsaya

A kwamfutocin Linux da danginsu na Unix, wasu manhajoji na aiki a ɓoye dare da rana, suna isar da saƙonni da riƙe shafukan intanet. Akwai manhajar da ke gadinsu, kamar systemd da ta fito a 2010. Idan ɗaya ta tsaya saboda tangarɗa, mai gadin kan sake kunna ta nan take, matuƙar an saita ta haka. Wadda aka kashe da umarni kuwa, ba ta tayar da ita.

Haka bambancin yake a katsewar sadarwa. Layukan waya da suka ɗauke a Batsari da Safana a Satumbar 2021, cikin ƙananan hukumomin Katsina 13, rufe su aka yi saboda 'yan bindiga. Irin wannan katsewa, sai umarnin hukuma ke ɗage ta.