Daga Sikawut Zuwa Agaji: Yadda Kaki Ya Shiga Masallaci

Duk wanda ya taɓa zuwa wa'azin ƙasa a Funtuwa ko Malumfashi, ko ya halarci sallar Idi a nan Musawa, ya san waɗanda ke riga liman isa fili: samari ne cikin kaki, da hula a karkace, da usur a wuya, suna jan igiya suna daidaita sahu. 'Yan agaji ke nan. Mun saba da su har ba ma tambayar inda wannan shiga ta samo asali, alhali kuwa idan aka bi salsalarta sai an dangana da Ingila.

A shekarar 1907 wani hafsan sojan Ingila mai suna Robert Baden-Powell ya kwashi yara kamar 20 ya kai su tsibirin Brownsea, ya koya masu kafa tanti, da bin sawu, da ɗaurin igiya, da taimakon wanda ya ji rauni. A 1908 ya fitar da littafinsa, ƙungiyar Sikawut ta bazu. Mutumin ya san Afirka ta Yamma, domin yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896. Amma akwai wanda ya riga shi. Tun a 1883 William Alexander Smith, wani malamin makarantar Lahadi a Glasgow da yara suka gagara, ya ga cewa yaron da ba ya jin magana a aji yana jin ta a filin fareti, sai ya kafa Boys' Brigade a ƙarƙashin coci. Wato tun ran gini tun ran zane, addini na cikin abin. Alkawarin ɗan Sikawut ma da Allah yake farawa, sannan Sarkin Ingila. Su a wurinsu babu karo, tunda sarkin shi ne shugaban cocin ƙasar.

Boys' Brigade ta sauka Ikko a 1908, Sikawut kuma a 1915. A Kudu makaranta da coci duk hannu ɗaya ne, saboda haka abin ya tafi sumul. A Arewa lissafin daban ne. Lugga ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba, kuma Turawan mulki sun daɗe suna taka wa 'yan mishan burki a ƙasashen sarakuna. Don haka Sikawut ta shigo mana ne ta ƙofar makarantun boko na gwamnati da na En'e, waɗanda yaran da ke cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Ka kwatanta da kanka, mai karatu: uban da da ƙyar ya bari aka ɗauki ɗansa boko, sai ga yaron ya dawo hutu da gajeren wando, yana sara wa tuta da yatsu 3, yana rantsuwar biyayya ga sarkin da ba Musulmi ba. Almajiran tsangaya kuwa, waɗanda su ne suka fi kowa sanin kwanan daji da girkin kai, babu wanda ya kira su.

Wani ɓangare na labarin da ba mu cika faɗa ba ya shafi maƙwabtanmu. A shekarun 1930 aka sassauta wa mishan ta SIM, ta shigo lardin Katsina ta hanyar aikin kutare a Babbar Ruga, sannan ta kai ga ƙauyukan Maguzawa na wajajen Malumfashi da Ƙafur. Daga cikinta cocin ECWA ta fito a 1954. 'Ya'yan waɗannan Hausawa Kiristoci sun sami Boys' Brigade da Girls' Brigade a coci, da ganga da bigila da maci, komai cikin Hausa. Saurayi Musulmi yana kallo, abin yana burge shi, amma ba gidansa ba ne. Ƙungiyar Red Cross ma, wadda doka ta kafa a Nijeriya a 1960, alamarta ta sa mutane da yawa ɗari-ɗari, duk da ba ta addini ba ce. Ba mu muka fara wannan ba: Daular Usmaniyya ta musanya alamar da jinjirin wata tun a yaƙinta da Rasha na 1877.

To, da ƙungiyoyin Musulunci na zamani suka taso, sai suka ɗauki kakin suka bar rantsuwar. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 da goyon bayan Sardauna da Malam Abubakar Gumi, Fityanul Islam ta 'yan ɗariƙa ta biyo baya a Kano a 1963, sai Izala a Jos a 1978. Kowace ta yi rundunar agajinta. Wanda ya kafa Izala, Shehu Isma'ila Idris, tsohon limamin soja ne, kuma a lokacin wa'azi yakan ƙare da jifa, don haka ba abin mamaki ba ne 'yan agajinsu suka fito da muƙamai da fareti da horo mai tsanani. Aikin da Baden-Powell ya tsara wa yaransa, shi ɗan agaji ke yi a sansanin alhazai da asibiti da maƙabarta, ba albashi, sau da yawa ma shi ke ɗinka kakinsa. Ni a ganina marubutanmu sun yi wa wannan saurayi rowa. Jaruman littattafanmu kullum ɗan Alhaji ne mai Marsandi.

Ina gwamnati a duk wannan? A 1978, shekarar da aka kafa Izala, wakilai Musulmi suka fice daga majalisar tsara tsarin mulki kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Abin da aka tsayar a 1979, aka kuma maimaita a sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, shi ne gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin na hukuma ba. Sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Ɗan agaji bai taka ko ɗaya ba, tunda ƙungiyarsa ce ta tura shi, kuma iyakar ikonsa roƙo da usur.

Har Faransa, wadda ta raba coci da hukuma da doka a 1905, ba ta hana wannan ba. Can akwai Sikawut marasa ruwa da addini tun 1911, da na Katolika tun 1920, da na Yahudawa, da na Musulmi, duk hukuma ta san da su. A Nijar kuwa Seyni Kountché, bayan juyin mulkin 1974, sai ya farfaɗo da Samariya, ya tara matasa a ƙarƙashin gwamnati ba tare da tutar wata ɗariƙa ba.

Inda zancen ya sauya a wurinmu shi ne bayan Ahmad Sani Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Zamfara a 1999, Katsina ta bi a 2000 zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa. Hisba ta fara ne da 'yan sa-kai, da yawansu tsofaffin 'yan agaji, domin su ne ke da horo da tsari a hannu. A 2003 Kano ta yi mata doka, aka sa albashi da motoci. A nan kakin ya tashi daga hannun ƙungiya ya koma hannun hukuma, kuma a nan ne sashe na 10 da na 214 suka fara yin magana. A Fabrairun 2006 gwamnatin Obasanjo ta ce Hisbar Kano ta saɓa doka, 'yan sanda suka kama kwamandanta Malam Yahaya Faruk Cheɗi. Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, amma a 2007 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraren ƙarar kai tsaye, ta sallame ta ba tare da ta taɓa ainihin tambayar ba.

Jiharmu ta Katsina ta kafa tata hukumar Hisba bayan hawan Gwamna Dikko Raɗɗa a 2023. A yankin da Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista ke cin kasuwa ɗaya, suna kai masara da auduga a mota ɗaya, tambayar tana da nauyi: kakin da aka ɗinka da kuɗin baitulmalin kowa, wa yake da iko a kansa? Ɗan agaji idan ya busa usur, wanda ba ɗan ƙungiya ba yana iya wucewa abinsa. Ɗan Hisba kuwa da takardar gwamnati yake tafe.