Baburan Ingila: sun mutu a kasuwa, sun ƙi mutuwa a gareji

A shekarun 1950, kamfanin da ya fi kowa ƙera babur a duniya ba a Japan yake ba, a Birmingham yake, sunansa BSA. Asalinsa ma kamfanin bindiga ne da aka kafa a 1861. A 1951 ya sayi Triumph, a 1957 kuma ya sayar wa Raleigh ɓangarensa na kekuna, wato wannan Raleigh ɗin da kakanninmu suka hau. Kafin ƙarshen 1973 BSA ya durƙushe. Amma har yau akwai mutane a Ingila da Amurka da ke kwance baburan nan noti bayan noti suna tayar da su. Abin da ya kashe su a kasuwa, kusan shi ne ya sa suke gyaruwa.

Mu ɗauki Triumph. A 1937 wani injiniya, Edward Turner, ya fito da Speed Twin, injin 500cc mai silinda biyu a jere. Babur ne mara nauyi, ga gudu. Daga jikinsa aka samo Bonneville a 1959, mai 650cc, wanda aka raɗa wa sunan wani filin gishiri da ke jihar Yuta a Amurka, inda ake gwajin gudu. Matsalar ita ce an yi ta ƙara wa injin girma, amma tsarinsa na nan kusan yadda yake tun kafin yaƙin duniya na biyu. Turner da kansa ya je Japan a 1960, ya ga masana'antun Honda da Yamaha da Suzuki da idonsa. Duk da haka shugabannin kamfanonin Ingila suka kwantar da hankalinsu cewa Japanawa ƙananan babura kawai suka iya.

Sai ga Honda CB750 a 1969. Silinda huɗu, birkin faifai a gaba, ka danna maɓalli ya tashi, kuma ba ya ɗigar da mai a tsakar gida. Shi ke nan.

A 1973 aka haɗe ragowar kamfanonin a ƙarƙashin Norton Villiers Triumph, aka ce za a rufe masana'antar Triumph da ke Meriden. Ma'aikata suka ce ba su san zancen ba, suka kulle ƙofa suka zauna a ciki sama da shekara guda. A 1975 suka karɓi masana'antar a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa da tallafin gwamnati, suka ci gaba da ƙera Bonneville har 1983, lokacin da kuɗi ya ƙare.

To, me mai irin wannan babur yake tunawa da shi? Na farko, bakin mai. Murfin injin a tsaye aka raba shi gida biyu, don haka tsagar tana bi ta ƙarƙashi, inda mai yake. Shi ya sa da yawa suke ajiye tire a ƙarƙashin babur kafin su kwanta. Na biyu, wuta. Kayan lantarkin na kamfanin Lucas ne, wanda masu babura suka yi wa laƙabin sarkin duhu saboda yadda fitila ke ɗaukewa cikin dare. Kuma wayarin ɗin a juye yake da wanda ka sani: kan batir mai alamar tarawa ne ake haɗawa da jikin babur. Ka jona irin ta yau, ka ƙona kaya. Giya kuma a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, sai da dokar Amurka ta tilasta musu juyawa a tsakiyar shekarun 1970. Sifanarka ta milimita ma ba za ta kama notin ba, sai ka nemo awon Whitworth.

Amma abin da ya fi cin mutane shi ne wanda ba a gani. Tsofaffin injinan Triumph ba su da matatar mai ta kirki. A maimakonta akwai wani bututu a cikin karanshaf, ƙarfen nan da fistin ke juyawa, wanda ke tara dattin mai sannu a hankali. Ranar da ya cika, mai ya daina isa inda ya kamata, injin ya buga. Ba kuma yadda za a wanke shi sai an kwance injin gaba ɗaya. Don haka idan wani ya samo babur da ya shekara talatin a rumbu, ya zuba fetur ya buga kiki ya tashi, masana ba sa taya shi murna tukuna. Tambayarsu ɗaya ce: ka buɗe bututun nan?

Inda daɗin yake shi ne komai na injin a fili yake. Babu kwamfuta, babu abin da aka liƙe da gam. Kafiretar Amal mutum zai kwance ta a kan tebur ya mayar da yamma ɗaya. Da yake an shafe shekaru ana ƙera abu kusan iri ɗaya, kayan gyara ba sa wuya, har yau ana ƙera sababbi. Ni a ganina mai saka wutar zamani a ɓoye a ƙarƙashin kujera ya fi mai nacewa sai komai ya zama na asali, domin babur ɗin da ake hawa ya fi na kallo. Amma a wajen sayarwa masu nacin ne ke cin riba: in lambar injin ta yi daidai da ta firam, kuɗin daban ne. A Ingila kuma abin hawan da ya haura shekara 40 an yafe masa harajin hanya da gwajin shekara-shekara.

A 2003 gobara ta tashi a gidan tarihin babura da ke kusa da Birmingham, ta ci ɗaruruwa. Da yawa daga cikinsu an sake gina su daga ƙonannen ƙarfe, aka sake buɗe gidan a 2004.

Sunayen ma ba su ɓace ba. Royal Enfield ya rufe a Ingila, amma reshen da aka buɗe a Madras a 1955 bai taɓa daina ƙera Bullet ba. John Bloor ya sayi sunan Triumph a 1983, ya gina sabuwar masana'anta a Hinckley. Ƙaramin Triumph ɗin nan Speed 400 da ya fito a 2023 kuwa, a Indiya ake haɗa shi, a hannun Bajaj, masu Boxer ɗin da ɗan acaɓa ya sauke ka a kai.