Haf: Kayan kiɗa mai tsirkiya 47 da feda bakwai

Haf kayan kiɗa ne na tsirkiya, mai siffar alwatika, wanda ake kaɗawa da yatsu. Masu fassara kan kira shi garaya ko molo, sai dai aikinsu ya sha bamban. Mai garaya yana danne tsirkiya a jikin sanda domin ya sauya sauti, shi ya sa guda biyu ke isarsa. A haf kuwa ba a danne komai. Kowace tsirkiya sauti ɗaya take bayarwa, doguwa ta yi amo mai kauri, gajera ta yi siriri. Mafi yawan gyaran da maƙera suka yi masa a Turai ƙoƙari ne na warware wannan matsala.

An tono ragowarsa a kaburburan sarakunan Ur, a kudancin Iraƙi ta yau, waɗanda suka kai wajajen shekara ta 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mutanen Masar na dā ma sun zana shi a bangon kaburburansu, a lanƙwashe kamar bakan maharbi. Wannan tsohuwar siffa tana nan a Afirka har gobe, kamar ennanga a Uganda. A Turai ne, tun wajajen ƙarni na 10, ake ganinsa da ginshiƙi a gaba, wanda ya ba shi ƙarfin ɗaukar ƙarin tsirkiyoyi a ɗaure tamau.

Babu ƙasar da ta rungume shi kamar Ireland, inda ya zama tambarin gwamnati, har a jikin kwabbanta. Duk da haka saura ƙiris kiɗan ya mutu a can. A 1792 aka tara ragowar makaɗan, galibinsu makafi, a birnin Belfast, aka sa wani matashi mai suna Edward Bunting ya rubuta karin da suke kaɗawa. Da ba a yi hakan ba, da kaso mai yawa ya bi su kabari.

A sauran Turai kuwa kiɗa yana ta canjawa, mawallafa suna tsallakawa daga wannan ma'aunin sauti zuwa wancan, haf ya kasa bin su. Da farko an maƙala ƙugiyoyi a wuyansa, makaɗi ya juya da hannu, to amma hannun da ke juya ƙugiya ya bar kiɗa ke nan. Wajajen 1720 wani maƙeri a Bavaria, Jacob Hochbrucker, ya mayar da aikin ga ƙafa. Sébastien Érard, Bafaranshe, shi ya kammala dabarar, ya yi mata rajista a Landan a 1810.

Tsarin Érard ne ake bi har yanzu. Babban haf yana da tsirkiya 47 da feda bakwai, tsayinsa kusan mita 1.8, nauyinsa ya doshi kilo 40. Kowace feda tana kula da sauti ɗaya cikin bakwai na do, re, mi, kuma matsayi uku gare ta. Idan aka taka, sandunan ƙarfe da ke cikin ginshiƙi su ja wasu ƙananan fayafayai a wuya, su matse tsirkiya, tsawonta ya ragu, sauti ya ɗaga. Mai kallo hannuwa yake gani suna shawagi a hankali, alhali ƙafafu ba su huta ba. Yatsu takwas ake amfani da su, ban da ƙananan biyu. Domin kada makaɗi ya ruɗe, ana rina tsirkiyoyin do ja, na fa baƙi ko shuɗi.

Tsarin ya gamu da kishiya. Kamfanin Pleyel ya ƙera haf marar feda, mai layi biyu na tsirkiya a gicciye, ya sa Claude Debussy ya tsara masa kiɗa a 1904. Kamfanin Érard ya mayar da martani da Maurice Ravel a 1905. Na Pleyel bai samu karɓuwa ba, kuma a yau kiɗan Debussy ɗin ma a kan mai feda ake kaɗa shi.