Wa Ya Fara? Saɓanin Mabiya Apple da Microsoft

Tun daga shekarun 1980 ma'abota kwamfuta suka rabu gida biyu, kamar yadda almajirai kan rabu a kan mazhaba, wasu suna bin Macintosh na kamfanin Apple, wasu suna bin Windows na Microsoft. Kuma kowane ɓangare, saboda tsananin ta'assubanci, bai tsaya ga yabon abin da ke hannunsa ba, sai da ya yi da'awar cewa shi ne tushen al'amarin, abokin hamayyarsa kuwa kwaikwayo ya yi, in ma ba sata ba. Abin da ake jayayya a kansa shi ne wannan hikima ta nuna 'yan hotuna da buɗe tagogi a fuskar kwamfuta da linzami, maimakon haddace umarni ana rubutawa kalma bayan kalma.

Duk wanda ya bi isnadin wannan fasaha da natsuwa zai tarar ba ta tsaya ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Faransisko na Amurka, Douglas Engelbart na cibiyar bincike ta Stanford ya nuna wa taron masana yadda ake sarrafa rubutu da linzami, wanda samfurinsa na farko ɗan akwatin katako ne mai 'yan tayoyi biyu a ƙasa. Daga wurinsa wasu ma'aikata suka koma cibiyar da kamfanin Xerox ya kafa a Palo Alto a 1970, inda aka ƙera na'urar Alto a 1973. Sai dai shugabannin Xerox, waɗanda arzikinsu ya dogara ga injin kwafin takardu, ba su san darajar abin da ke gidansu ba. Da suka fitar da na'urar Star a 1981, farashinta ya haura dala 16,000, ba ta kuwa samu kasuwa ba.

Riwayar da ta fi shahara a bakin jama'a ita ce wai Steve Jobs na Apple ya shiga cibiyar nan a watan Disamba na 1979, ya kalla, ya fito ya kwashe. A ganina wannan riwaya tana da rauni, domin ziyarar da yarjejeniya aka yi ta: an ba Xerox damar sayen hannun jari 100,000 na Apple a kan dala miliyan 1, ita kuma ta buɗe ƙofarta. Bayan haka, tsakanin abin da aka gani da abin da aka fitar kasuwa akwai wahala mai yawa. Linzamin Alto maɓalli uku gare shi, ga tsada. Apple ta mayar da shi mai maɓalli ɗaya, mai araha. Bill Atkinson na Apple kuwa ya koma ya yi ta fama dare da rana, har ya gano yadda taga za ta hau kan taga alhali ta ƙasa tana ci gaba da nuna aikinta, yana zaton a Xerox ya ga an yi haka, sai daga baya ta bayyana cewa su can ba su kai ga wannan matsayi ba. Wanda ya ƙirƙiro abin da ya zaci kwaikwayonsa yake yi, ba a kiransa ɓarawo a shari'ar adalci. Da wannan himma Macintosh ta fito a watan Janairu na 1984 a kan dala 2,495.

Microsoft, wadda ke rubuta wa Macintosh manhajoji, ta san sirrin na'urar tun kafin fitowarta, ta kuma fitar da Windows a watan Nuwamba na 1985. A cikin wannan wata ne John Sculley, shugaban Apple na lokacin, ya sa hannu a takardar da ta halatta wa Microsoft amfani da wasu siffofin Macintosh, takardar da ta zame wa kamfaninsa ƙaya. Da Apple ta kai ƙara a watan Maris na 1988, ta lissafa abubuwa 189 da ta ce an ɗaukar mata, alƙali ya hukunta cewa 179 daga ciki suna ƙarƙashin waccan yarjejeniya, mafi yawan ragowar kuma ra'ayoyi ne da ba wanda zai mallake su shi kaɗai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da jigon hukuncin a 1994. Ana cikin haka Xerox ita ma ta maka Apple a kotu a 1989, amma aka kori mafi yawan da'awarta. Sulhu bai zo ba sai a watan Agusta na 1997 a birnin Boston, sa'ad da Jobs ya sanar cewa Microsoft za ta zuba dala miliyan 150 a Apple mai fama da hasara. Da fuskar Bill Gates na Microsoft ta bayyana a babban allo, wasu mabiya Apple suka yi ta ihun ƙin amincewa a gaban jagoransu.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne waɗanda wannan jayayya ta shafe sunayensu, domin kamfanin da ya rushe ba shi da mai ruwaito masa labari. A 1977 na'urori uku ne suka buɗe kasuwar kwamfutar gida, wato Apple II da Commodore PET da TRS-80 ta kamfanin Tandy, amma yau ɗaya kaɗai ake ambata. Commodore 64 ta 1982 ta shiga gidaje miliyoyi, musamman a Turai. Amiga ta 1985 kuwa tana da launi, tana gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, a zamanin da Macintosh ke nuna fari da baƙi kawai. Commodore ta durƙushe a watan Afrilu na 1994. Haka nan Gary Kildall, mai manhajar CP/M wadda aka gina manhajar DOS ta Microsoft bisa tsarinta, ya rasu a wannan shekara ba tare da an ba shi haƙƙinsa na yabo ba. Tarihin kwamfuta da aka taƙaita ga kamfanoni biyu, aka bar waɗannan a waje, tarihi ne naƙasasshe, kuma bai kamata a karantar da shi haka ba.