Ƙararrawar da ke gadin sabis ɗin wayarka

Idan janaretan ƙarfen sabis ya mutu a Gwarzo ko Kabo, kafin ka ce "sabis ya ɗauke", gargaɗi ya riga ya isa kwamfutar injiniyoyin kamfanin. Wannan gargaɗin ake kira ƙararrawa.

Dabarar ta girmi wayar GSM, wadda ta shigo Najeriya a 2001. Tun 1988 aka fitar da ƙa'idar SNMP, wadda ta ba na'ura damar kai rahoton matsalarta da kanta.

To amma yawan ƙararrawa ma bala'i ne. A 1979, a tashar nukiliyar Three Mile Island ta Amurka, fiye da 100 suka kaɗa cikin 'yan mintuna, ma'aikata suka rasa wadda za su fara bi. Masu sadarwa ma suna gudun irin wannan ruɗanin. A 1992 ƙa'idar X.733 ta hukumar ITU ta kasa ƙararrawa mataki-mataki, daga ta gaggawa zuwa ta jan kunne kawai.

Shi ya sa injiniya ke saita manhajarsa ta fifita mutuwar janareta a kan ƙofar da aka bari a buɗe. In ya kuskure saitin, batir ya ƙare ba a ankara ba, mai POS a kasuwar Getso ne zai wuni ba ciniki.