Daga Bakin Dogo Zuwa Gadar Sama: Tarihin Tashoshin Jirgin Ƙasa da Mahaɗun Dogo a Unguwannin Hausawan Ikko

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya dubi yadda unguwannin Hausawa suka bazu a ƙasar Yarbawa zai lura da cewa ba haka kawai aka yi ta kafa su ba. Akasarinsu sun tsiro ne a inda abin hawa yake tsayawa, ko kuwa inda tilas ya rage gudu, domin a irin wannan wuri ne ake sauke kaya, a yi ciniki, baƙo kuma ya nemi masauki. Wannan maƙala za ta bi diddigin sauye-sauyen da suka sami tashoshin jirgin ƙasa na Ikko, wato Legas, da kuma mahaɗun dogo, wato wuraren da titin mota yake ratsa layin dogo, tun daga 1896 har zuwa 2024. An fi mayar da hankali ga Agege, wadda jirgi ya raya, da Ojota, wadda mota ta raya. Manufa ita ce a nuna yadda waɗannan sauye-sauye suka shafi zaman Hausawa da sana'o'insu, da kuma irin kalmomin da suka bari a harshensu.

2.0 Zuwan Reluwe

Hausawa sun riga jirgin ƙasa isa Ikko. Tun a 1863 Gwamna John Glover ya kafa rundunar 'yan sanda masu bindiga daga cikin Hausawan da ke garin, kuma da yawansu daga baya suka zauna a Obalende. Sai dai zaman wancan lokaci na cikin tsibiri ne da bakin ruwa. Jirgi ne ya ja shi zuwa tudu.

A 1896 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa dogo daga Ikko suka nufi arewa, aka buɗe shi zuwa Badun a 1901. A wannan shekara kuma aka kammala gadar Carter, wadda ta haɗa tsibirin Ikko da Iddo, inda babbar tasha take. Ofisoshin reluwe da ma'aikatar gyaran jirage suka zauna a Ebute Metta. Layin ya ci gaba har ya kai Ilori a 1908, sa'annan Jebba a 1909. A can Arewa kuwa, layin da aka faro daga Baro ya isa Kano a 1911, aka haɗe layukan biyu a Minna, suka koma ƙarƙashin hukuma guda a 1912. Kafin a gama gadar Jebba, da jirgin fito ake ƙetarar da taragai a kogin Kwara. Tafiyar da ayari yake yi a cikin makonni sai ta koma ta 'yan kwanaki.

Idan jirgi ya tashi daga Iddo yakan bi ta Ebute Metta da Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege da Iju da Agbado. Abin lura a nan shi ne, kowace tasha sunan garin da take ciki aka sa mata, kuma a wancan zamani akasarin waɗannan wurare ƙauyuka ne da gonaki suka raba su da juna.

3.0 Tashar Agege da Cinikin Goro

A ƙarni na goma sha tara, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja fatake suke ɗauko shi a kan jakuna, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Bayan da Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sai wani kaso na wannan ciniki ya fara karkata zuwa bakin teku. Da dogo ya haɗa Ikko da Kano, sai hanya ta sauya ɗungurungum: a ɗoro goro a jirgin ruwa daga Ankara, babban birnin Gana ta yau, a sauke a Ikko, a zuba shi a tarago sai Kano. Alhaji Alhasan Ɗantata yana daga cikin attajiran da suka yi fice a wannan hanya.

Mataki na biyu shi ne noman goron a gefen dogon kansa. Manoman Agege, irin su J.K. Coker na Ifako, da koko suka fara, har suka kafa ƙungiyar manoma a 1907. Daga baya goro irin na Gwanja ya karɓu a ƙasar Agege da Ota, ya zama shi ne abin dogaro. Tun da yake masu cinsa suna Arewa, kuma goro ba ya jure jinkiri, tashar Agege ta zama wurin lodi mai muhimmanci. A kewayenta Hausawa suka kafa zango. Mai gida yakan saukar da baƙin fatake, ya tsaya musu wajen bashi, ya ba su ma'ajiya. Dillali ya shiga tsakani ya karɓi la'ada. Wasu su yi aikin tsincewa da ƙirga ƙwarya-ƙwarya da ɗaurin huhu da ganye. Lebura kuma su kai huhuna bakin tarago. Irin wannan tsari ne Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa na unguwar Sabo ta Badun a 1969. Jirgin da ya hau da goro yakan sauko da gyaɗa da fatu da shanu, don haka mahauta da 'yan tireda da malaman allo suka biyo baya. Al'umma ta yi ƙarfi har ta sami sarautar Sarkin Hausawan Agege.

4.0 Mahaɗun Dogo

Jirgin ƙasa ba ya iya tsayawa nan take kamar mota, saboda nauyinsa da kuma santsin ƙarfe a kan ƙarfe. Yakan yi tafiya mai nisa bayan an taka birki. Wannan ne ya sa a kowace mahaɗa doka ta ba jirgi hanya. A manyan mahaɗu akan sa ƙofa ko shinge, da mai gadi mai jar tuta da rana, da fitila da dare. Idan jirgi ya kusa sai ya rufe titi, in ya wuce ya buɗe.

Wannan tsari ya wadatar a lokacin da motoci ba su da yawa. Amma da gari ya cika ya batse, ƙauyukan nan suka haɗe da juna, sai layin da a da yake ratsa gonaki ya wayi gari yana ratsa tsakiyar birni. Mahaɗu irin na Oyingbo da Yaba da Mushin da Ikeja da Pen Cinema ta Agege da Fagba suka zama maƙogwaron da dubban motoci suke bi. Inda kuwa mota ta tsaya, nan mai talla yake samun ciniki. Ta haka ne mahaɗa ta zama kasuwa ta biyu bayan tasha: mai goro da mai rake da mai tsire da mai gyaran takalmi da mai canji duk suka sami gindin zama, kuma Hausawa suna da kaso mai tsoka a cikinsu. Da jiragen suka ragu, sai kasuwa ta hau kan dogon kansa. A Oshodi da Yaba da Agege an saba ganin 'yan kasuwa suna kwashe kaya idan sun ji ƙahon jirgi, yana wucewa su mayar.

5.0 Faɗuwar Reluwe da Tashen Ojota

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, layin ya kai Maiduguri a 1964. Daga nan al'amura suka fara ja da baya. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 a kan tituna aka fi zuba su, babbar mota kuma ta fi jirgi sauri da sauƙin kai kaya har ƙofar kasuwa. An gayyato ƙwararru daga Indiya suka riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo sa'annan ya sake lafawa. Shirin jirgin cikin gari da Gwamna Lateef Jakande ya faro, gwamnatin soja ta soke shi a 1985.

In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Da aka buɗe babban titin Ikko zuwa Badun a 1978, sai ƙofar shiga birni daga Arewa ta koma ɓangaren Ojota, wadda ko kusa dogo bai bi ta cikinta ba. Tashar motar Ojota ta zama masaukin matafiya, kasuwar Mile 12 da ke gaba kaɗan a kan titin Ikorodu ta zama masaukin tumatir da albasa da tattasai da manyan motoci suke kawowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya. Tsarin mai gida da dillali da la'ada bai mutu ba, ƙaura kawai ya yi daga bakin tarago zuwa bayan tirela. Ita ma Agege ba ta watse ba, domin kasuwar shanu da mayankar Oko-Oba sun riƙe ta, amma shanun da mota suke zuwa. Abin da ya rage wa tsohuwar tasha shi ne jirgin ma'aikata da ke zirga-zirga tsakanin Iddo da Ijoko, wanda saboda cunkoso har a kan rufinsa mutane suke hawa. An sake buɗe zirga-zirgar Ikko zuwa Kano a Disambar 2012, amma fatake ba su koma ba.

6.0 Sabon Dogo da Gadojin Sama

Alamar farko ta sabon yayi ita ce korar 'yan kasuwa daga kan dogo a Oshodi a Janairun 2009, zamanin Gwamna Babatunde Fashola. A 2017 kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya fara shimfiɗa sabon layi daga Ikko zuwa Badun, mai tsawon kimanin kilomita 157, wanda faɗinsa milimita 1,435 ne, saɓanin tsohon mai milimita 1,067. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi ranar 10 ga Yuni, 2021. A kan wannan layi ne kuma gwamnatin jihar Legas ta ɗora jirginta na cikin gari, wanda ake kira Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, mai tashoshi takwas har da Agege. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu, 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban wannan shekara.

Jirgi mai gudu, mai yawan wucewa, ba ya zama tare da mahaɗa irin ta da. Haɗarin ranar 9 ga Maris, 2023, ya tabbatar da haka, sa'ad da jirgi ya kwashe motar ma'aikatan gwamnatin jiha a mahaɗar PWD kusa da Ikeja, aƙalla mutum shida suka rasu, da dama suka jikkata. Magani shi ne a raba titi da dogo. An buɗe gadar sama ta Pen Cinema a Agege a Maris ɗin 2021, sa'annan na Yaba da Oyingbo da Ikeja da Mushin suka biyo baya tsakanin 2023 da 2024.

Babu mai musun cewa gada tana ceton rai, tana kuma rage ɓata lokaci. Sai dai tana da wani sakamako da ba a cika faɗa ba. Motar da ta bi sama ba ta tsayawa, don haka mai tallan da ke ƙasa ya rasa mai saye. Sabuwar tasha kuma gini ne mai katanga da masu tsaro, wanda aka tsara domin fasinja, ba domin huhun goro ko garken shanu ba. Bugu da ƙari, a lokacin da aka buɗe sabon layin, iyakarsa Moniya ta Badun, bai kai Arewa ba. Wato dai jirgi ya dawo Agege, amma igiyar da ta ɗaura Agege da Kano ba ta dawo tare da shi ba.

7.0 Sawun Reluwe a Harshe

Wannan tarihi ya bar sawu a Hausa ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce aro daga Ingilishi, kamar reluwe da tasha da tikiti da fasinja da sigina. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'ana: jirgi a da na ruwa ne kawai, sai aka sami jirgin ƙasa, daga baya jirgin sama, dogo sifa ce, sai ta zama sunan layin, har ta shiga sunayen wurare irin su Bakin Dogo a Kaduna da Hayin Dogo a Samaru. Ita kanta tasha ta tashi daga jirgi ta koma mota, ta kai ga rediyo da talabijin, ta kuma haifi ɗan tasha, wanda ake faɗa wa marar tarbiyya. Wannan tafiya ta kalmar daidai take da tafiyar kasuwa daga Agege zuwa Ojota. Hanya ta uku ita ce ƙirƙira, kamar kan jirgi da gadar sama.

Aron bai tsaya a ɓangare guda ba, domin zango na Hausa shi ne Sango da ake ji a Agege da Ota da Badun. Har ila yau, akwai sauyi a tsarin raɗin suna. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa wa sababbin tashoshi sunayen mutane: ta Agege ta zama Babatunde Raji Fashola, ta Ebute Metta ta zama Mobolaji Johnson, ta Agbado ta zama Lateef Jakande. Tashoshin Jan Layi kuwa sunayen unguwanni suka riƙe, kamar yadda aka saba tun farko.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa tasha da mahaɗa sun ratsa zamani uku: zamanin da jirgi ya tara jama'a, da zamanin da mota ta janye su zuwa Ojota da Mile 12, da zamanin da katanga da gada suka raba matafiyi da ɗan kasuwa. A kowane zamani Hausawan Ikko sun bi inda kaya suke sauka. Abin da yake cikin haɗari shi ne ilimin zamanin farko. Dattawan da suka yi lodin goro a tsohuwar tashar Agege suna ƙarewa, tare da kalmominsu na ƙirga da ɗauri da ciniki, da irin Hausar da ta cuɗanya da Yarbanci a bakin dogo. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin masu su aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe, kuma ba ya jiran jinkiri.