Baba Sarkin Aska Ya Cika Shekara 80

 A bana ne Baba Sarkin Aska, wanzamin da ya yi wa kusan kowane ɗayanmu aski a bakin ƙofar makaranta, ya cika shekara 80 da haihuwa. Na ga ya dace in ɗan taɓo tarihin sana'ar da ya gada, domin da yawanmu ƙwal-kwabon da yake yi mana kawai muka sani.

Sanin kowa ne wanzanci gado ne a ƙasar Hausa. Kafin asibiti ya zo, wanzami shi ne likitan gari. A zabirarsa akwai aska da ƙaho da almakashi, shi ke yin kaciya, shi ke tsotse mataccen jini da ƙaho, shi ke cire beli, kuma ran suna shi ke yi wa jariri askin farko, a ba shi rabonsa na naman rago. Tsagar gado ma aikinsa ce, wadda da ita ake gane Bagobiri ko Bakabe tun bai buɗe baki ba. Saboda haka sarakuna suka naɗa Sarkin Aska ya shugabanci wanzamai. Sana'ar ta bi fatake har ƙasar Ghana, inda har yau ake kiran mai kaciyar gargajiya wanzam.

To, amma zamani ya yi wa sana'ar tsaye. A 1986 aka ba da rahoton ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya, aska guda ga kawuna goma ta zama abin tsoro. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta hana yi wa yaro tsaga. Ga shagunan aski na injin lantarki sun kwashe samari.

An ce wanzami ba ya son jarfa, amma Baba ya yarda gyara ya fara daga kansa. Ya tara wanzaman da ke ƙarƙashinsa ya ce kowane kai da sabuwar rezarsa, kuma ya daina cire beli duk da gunagunin tsofaffin mata. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004, jita-jita ta cika Arewa. Baba yana shiga gidan da ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga, don shi ya aske uban, shi ya aske ɗan. Da ya ce a kai jariri rigakafi, sai a kai. A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san takardar ofis ba ta yin wannan aiki. Da aka tabbatar da kawar da cutar daga Afirka a 2020, irinsu Baba ba su shiga jarida ba.

Bayan wannan, sulhun da ya yi tsakanin ma'aurata da maƙwabta ba ya ƙirguwa. Mu kanmu sau nawa ya roƙa mana afuwa wurin shugaban makaranta?

Yanzu hannunsa ya fara rawa, rumfarsa tana yoyo, 'ya'yansa kuma duk sun kama wasu sana'o'i. Shawarata ita ce a taronmu na bana ƙungiya ta gyara masa rumfar, ta yanka masa ɗan abin cefane duk wata, sannan a sami mai naɗar hirarsa tun yana iya ba da labari. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, amin.